Tantance tallan aiki a intanet da saurin hannu a kilabiye: amsa ga wata ƙanwa a Maradi

"Assalamu alaikum Malam. Ina aikin buga rubutu a wani shagon sakateriya kusa da jami'a a nan Maradi, galibi memuwar ɗin ɗalibai, wato kundin kammala karatu, nake bugawa. Ina jin Hausa da Faransanci sosai, Ingilishi kaɗan-kaɗan. Na sayi kwamfuta ta hannu don in riƙa neman aikin fassara da buga rubutu ta intanet da dare. Amma kullum sai in ƙarar da mega ina karanta tallan aiki, ban san na gaskiya ba, ban san na ƙarya ba. Sau ɗaya har na tura jika biyar kuɗin rajista, daga nan suka toshe ni. Kuma wata ƙawata ta ce jinkirina ya yi yawa don komai da linzami nake yi, wai in koyi gajerun hanyoyin kilabiye. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da alherin abin da kika rasa, ya sa iyakar asarar ke nan. Tambayarki kamar biyu ce, ɗaya kan gane aikin gaskiya, ɗaya kan saurin hannu, amma ni a wajena abu guda kike tambaya: ina darenki yake tafiya? Kina tashi daga shago a gajiye, kina da awa biyu ko uku kafin barci, da megar da kika saya da guminki, da batirin da ba ki san yaushe kuran zai dawo ki cika shi ba. Jarinki ke nan gaba ɗaya. Na daɗe ina fassara tsakanin Hausa da Faransanci, ina kuma koya wa matasa kwamfuta a garin nan, kuma abin da ya fi karya sababbin shiga a idona shi ne ɓata wannan ɗan jari a kan tallan da tun layin farko ya kamata a rufe shi. Saboda haka gwanintar da za ki fara koya ita ce cewa a'a da wuri. Maganar ƙawarki gaskiya ce, zan zo kanta, sai dai hannu ba ya sauri a kan abin da kai bai riga ya yanke ba.

Ta wace hanya kuɗin zai iso Maradi?

Masu rubuta nasiha kan wannan sana'a galibi suna zaune ne inda karɓar kuɗi ba ya da wuya, shi ya sa suke barin wannan tambaya can ƙarshe. Mu a nan ita ce ta farko. Kafin in karanta bayanin aiki, kafin in duba farashi, sai na ga yadda za a biya. Masu ba da aiki da yawa a Turai da Amurka PayPal, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, suka sani, alhali an daɗe asusun PayPal da aka buɗe da adireshin Nijar yana iya biya amma ba ya karɓa. Idan mai aiki ya ce ba shi da wata hanya sai wannan, komai kyan aikin ki rufe shafin.

Za a ba ki shawarar ki yi amfani da asusun wani ɗan'uwa a Katsina ko a Faransa. Ki yi hattara. Manyan shafukan neman aiki irin su Upwork suna son sunan da ke kan asusun karɓar kuɗi ya zama ɗaya da sunan mai aikin, kuma ranar da suka nemi katin shaida suka ga saɓani, suna iya rufe asusun da kuɗin a ciki. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne asusun banki da sunanki, ki karɓi lambar RIB (ta asusunki) da ta SWIFT (ta bankin, don turo kuɗi daga waje) daga bankin, ki kuma tambaye su baki da baki nawa suke cirewa idan kuɗi ya shigo daga waje. Cajin yana cinye ƙananan kuɗi, don haka gara ki bari su taru ki ciro sau ɗaya. Wanda yake yankinmu kuwa da sauƙi: kamfanonin aika kuɗi na Nita, Al Izza da Amana suna da rassa a ƙasashen makwabta da dama, ga Airtel Money da Moov Money a cikin gida. Idan mai aikin a Najeriya yake zai biya da naira, ku tsayar da magana a kan sefa ko a kan canjin ranar biya, domin abin da ƴan canji za su ba ki yau ba lallai ne shi za su ba ki bayan mako biyu ba. Yuro ya fi kwanciyar hankali, tunda a ɗaure yake da sefa: yuro ɗaya sefa 655.957 ne kullum.

Duk wanda ya yi wannan aiki tsakanin watan Agusta na 2023 da farkon 2024, lokacin takunkumin CEDEAO, ya ga yadda hanyar kuɗi da ta wuta za su iya tsukewa a lokaci guda. Tun daga nan nake gaya wa ɗalibaina kowa ya tanadi hanyar karɓa biyu, kuma kada ya yi alkawarin miƙa aiki a kan sa'ar da ba ta bar masa sararin ɗaukewar kuran ba.

Abin da nake dubawa a jikin talla

Ƙa'ida ɗaya ta isa ta kore miki mafi yawan ƴan damfara: kuɗi daga mai ba da aiki yake gangarowa zuwa ga ma'aikaci. Duk sunan da aka sa wa akasin haka, rajista ne, kuɗin horo ne, kuɗin buɗe dosiye ne, kuɗin fito da albashi ne, abu ɗaya ne da wanda ya ci jika biyar ɗinki.

Akwai wani salo da ya fi wannan wayo, ina so ki gan shi da kyau don ya ci mutane masu hankali. Saƙo zai shigo WhatsApp daga lambar ƙasar waje, da hoton mace sanye da kwat, da Faransanci mai tsabta. Za a ce kamfani yana neman masu danna alamar so a bidiyon YouTube, awa ɗaya a rana, kuɗi mai tsoka. Za ki danna uku, ki tura hoton shaida, sai ga jika ɗaya ko biyu ta shigo wayarki da gaske. A nan zuciya take kwanciya. Sai a kai ki wani rukuni a Telegram cike da mutane suna ta liƙa hotunan kuɗin da suka ce sun samu, galibinsu abokan aikin mai damfarar ne. Kwana ɗaya ko biyu sai a ce aikin babban mataki yana buƙatar ki zuba jika goma a mayar miki da sha uku. Na farko yakan dawo. Na biyu ya fi girma, sai a ce kin yi kuskure a mataki na uku, sai kin ƙara kafin a sake miki duka. Wani yaro da nake koyarwa ya kawo mini wayarsa a daidai wannan gaɓa, yana neman rancen da zai cike, idonsa ya yi ja saboda rashin barci. Da muka bi saƙonnin tun daga farko, shi da kansa ya ga babu inda aka ambaci sunan kamfani, ko adireshi, ko wanda ke amfana da aikin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ki tambayi kanki kullum: wa zai ci riba da wannan aiki har ya biya ni haka? Idan babu amsa, ke ce ribar.

Na biyu da ya kamata ki sani shi ne masu neman aron sunanki. Wani zai ce ki buɗe asusu da katin shaidarki shi ya yi aiki a ciki ku raba, ko kuɗi zai shigo lambarki ki tura gaba ki cire la'adarki. Wannan ya fi asarar jika biyar muni, domin idan kuɗin na sata ne sunanki ne a rubuce, kuma Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019. Haka nan lambar sirri da ke shigowa wayarki ta SMS, babu mai aikin gaskiya da zai ce ki karanto masa ita. A matsayinki na mace zan ƙara da wannan: mai neman fassara ba ya buƙatar hotonki na tsaye, ba ya buƙatar kiran bidiyo da tsakar dare.

Idan talla ta tsallake waɗannan, sai a duba mai ita. A Upwork, gefen kowace talla yana nuna ko an tabbatar da hanyar biyan mai aikin, nawa ya taɓa kashewa, kashi nawa na tallansa ya ɗauki mutum a kai, da mutum nawa suka riga suka nema. Wannan ɗan gefen ya fi bayanin aikin kansa faɗin gaskiya. Neman aiki a can ba kyauta ba ne, da wasu tikiti ake nema da suke kira Connects, kowane ɗaya santi 15 na dalar Amurka, kuma talla ɗaya tana iya cin goma sha wani abu, wato wajen jika ɗaya ko fiye. To me zai sa ki zuba jika a kan mutumin da bai taɓa biyan kowa ba, ga mutum hamsin a gabanki? Idan aikin na farashi tsayayye ne, kada ki fara sai kin ga an ajiye kuɗin a hannun shafin. Wanda ya ce ku koma WhatsApp don a kauce wa la'ada, yana raba ki ne da shaidarki da mai raba gardama. Ga masu fassara kuma akwai ProZ, inda suke da wani allo mai suna Blue Board da mafassara ke rubuta yadda kowane kamfani yake biya. Ina leƙa shi kafin in amsa wa kamfanin da ban sani ba.

Wanda ya zo ta imel, ki dubi abin da ke bayan alamar @. Babbar ƙungiya ba ta ɗaukar ma'aikata da adireshin Gmail, kuma ƴan damfara sukan canza harafi ɗaya a sunan ƙungiyar. Ki je shafin ƙungiyar da kanki, ko shafin ReliefWeb mai tallan ayyukan agaji idan ta agaji ce, ki ga ko tallar tana can. Kafin ki danna mahaɗi, ɗora linzami a kai ba tare da dannawa ba, ainihin adireshin zai fito a ƙasan allo ta hagu. Fayil ɗin da aka ce bayanin aiki ne amma sunansa ya ƙare da .exe ko .scr, kada ki buɗe. Windows yana ɓoye wannan wutsiyar suna, sai kin shiga saitin duba fayil kin ce ya nuna.

Gwaji halal ne, kowa yana son ya ga hannunki. Sakin layi ɗaya ko biyu, kalmomi 200 zuwa 300, ya isa. Wanda ya turo shafi goma ya ce gwaji ne, aikinsa yake rarrabawa a yi masa kyauta. Mutumin da ba ta shafi ya zo ba kuma, ki nemi kafin alƙalami, ko rabi ko sulusi. Mai niyyar biya ba ya jin haushin wannan.

Saura lissafi, wanda mutane suke tsallakewa don murna. A ce aikin yuro 20 ne a Fiverr. Shafin zai cire kashi 20 cikin 100, saura 16, wato kusan sefa 10,500, kuma sai bayan kwana 14 za ki iya taɓa su, ga cajin cirewa. Idan hira ce ta awa ɗaya za ki mayar rubutu, a hannuna takan ci awa huɗu zuwa shida, ta fi haka idan an ɗauke ta a ƙauye cikin iska da kukan awaki, mutum uku suna magana lokaci guda. Ki raba kuɗin da awannin, ki cire mega, ki gwada da abin da shafin memuwar yake kawo miki a shago. Wani lokaci ana karɓar aiki mai araha don a samu shaidar farko a shafi, wannan dabara ce mai kyau, amma ki san dalilin da ya sa kika karɓa, kuma kada ya wuce biyu ko uku.

Yanzu ga hannu

Kafin komai ki dubi jerin haruffan sama na kwamfutarki. Na shago wataƙila AZERTY ce irin ta Faransa, waɗanda ake kawowa ta Kano ko Dubai kuwa galibi QWERTY ne. A tsakaninsu A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka. Abin da ya sa na damu da wannan: Ctrl da Z yana mayar da abin da kika goge, Ctrl da W kuwa rufe shafi yake yi. Idan an rubuta QWERTY a jikin madannai amma Windows yana kan tsarin Faransanci, za ki danna inda aka rubuta Z don gyara kuskure, sai shafin ya rufe. Ki duba kusa da agogo a ƙasan allo, za ki ga FRA ko ENG. Madannin Windows da dogon madannin tazara suna sauya tsarin. Haka Word na Faransanci yana kaurara rubutu da Ctrl da G, na Ingilishi da Ctrl da B.

Kada ki haddace jerin gajerun hanyoyi hamsin da ake yaɗawa, ba za su zauna ba. Ki koye su a cikin aikin tantancewar kansa. Ga yadda nake yi. Ina buɗe jerin tallan, ina karanta kanun kawai. Wanda ya yi kama da nawa sai in riƙe Ctrl in danna shi, ya buɗe a sabon shafi a baya, ni kuma ina nan a jerin ban motsa ba. Idan na tara kamar goma sai in daina. Ctrl da Tab ya kai ni na farko. Ba na karantawa tukuna, Ctrl da F nake dannawa in nemi kalmomin da ke yanke hukunci: Hausa ko haoussa, frais, PayPal, Telegram. Kamar mai awon gero ce a kasuwa, ba ta zazzage buhu, hannu take cusawa ta damƙo ta duba tsakuwa. Wanda ya faɗi, Ctrl da W. Idan na rufe wanda bai kamata ba, Ctrl da Shift da T ya dawo da shi. Cikin ƴan mintoci goma sun koma biyu, waɗannan biyun ne suka cancanci karatu a natse.

Wanda ya tsira yana shiga teburina na Excel: Ctrl da L ya zaɓi adireshin shafin, Ctrl da C ya kwafa, Alt da Tab ya kai ni Excel, Ctrl da V ya liƙa, Ctrl da alamar (;) ya sa kwanan wata. Gefe in rubuta sunan mai aikin, farashi, hanyar biya, da abin da ya biyo baya. Bayan wata biyu teburin nan zai nuna miki inda amsa take fitowa da inda kike zubar da mega a banza, sai ki daina zuwa can.

Wanda na fi so duka shi ne madannin Windows da V, a Windows 10 da 11. Yana ajiye abubuwan da kika kwafa a jere, kina iya maƙale waɗanda kike so su zauna ko an kashe kwamfuta. Ki maƙale gabatarwarki da Faransanci, da ta Ingilishi, da farashinki, da tambayoyinki uku na kullum: yaushe ake so, nawa ne, ta ina za a biya. Sai dai layi biyu na farkon kowace wasiƙa ki rubuta su sabo, ki ambaci wani abu daga cikin tallar, domin mai aiki yana gane wasiƙar da aka tura wa mutum ɗari. Ctrl da Shift da V yana liƙa rubutu a burawza ba tare da ya kwaso launi da girman inda aka ɗauko shi ba. Windows da Shift da S yana yanko hoton allo, da shi nake adana duk inda aka yi maganar farashi da ranar biya. Ctrl da S kuwa, a garin da kuran ke tafiya ba sallama, ya kamata ya zame wa yatsunki jiki a ƙarshen kowane sakin layi.

Tunda Hausa za ki sayar, ki gyara maganar haruffa masu ƙugiya tun yanzu. Masu biya da kyau ba sa karɓar rubutun da ya rasa ɓ, ɗ da ƙ. Windows yana da tsarin kilabiyen Hausa a saitin harshe, Gboard ma yana da shi a waya. Ki tambayi mai aikin ko rubutun Nijar yake so mai ƴ, ko na Najeriya mai 'y. Idan kin gama da ɗaya aka ce ɗayan ake so, Ctrl da H zai musanya su duka a lokaci guda. Don aikin murya kuma, a manhajar kunna sauti ta VLC madannin tazara yana tsayarwa, Shift da kibiyar hagu yana mayar da ke baya daƙiƙa uku. Ki ɗauki gajerun hanyoyi uku kawai a mako, ki rubuta a takarda ki manna gefen allo, ki hana hannunki zuwa ga linzami a kan waɗannan ukun. Kwanakin farko za ki ji kamar kin ƙara jinkiri, haka yake ga kowa.

Iyakar abin da wannan zai yi miki

Duk binciken nan rage haɗari yake yi, ba ya kawar da shi. Na ga mai aikin da ya cika kowace alama ta gaskiya ya karɓi aiki ya yi shiru, na kuma ga sabon shiga marar tarihi ya zama abokin hulɗa na shekaru. Abin da na faɗa daga fassara da buga rubutu na samo shi, kasuwar masu zane da masu rubuta manhaja tana da nata hali. Saurin kilabiye kuma ba zai cike gurbin Ingilishi ba: mafi yawan tallan manyan shafuka da shi ake rubuta su, don haka rabin awa a rana kan karatunsa zai buɗe miki ƙofofin da Ctrl ba zai buɗe ba. Ki sani kuma fassarar inji ta karya farashin fassara mai sauƙi, abin da ake nema yanzu shi ne mai kunnen Hausa da zai gyara abin da inji ya ɓata, da mai sauraron murya ya rubuta daidai.

Jika biyar ɗinki, ki kai lambar turawar da hotunan saƙonnin ga kamfanin da kika tura ta hannunsa da kuma ƴan sanda, ko don a toshe lambar. Dawowar kuɗin da wuya, ba zan ɓoye miki ba. Wanda zai zo daga baya ya ce zai karɓo miki idan kin ba shi wani abu, ɗan gidansu ne.

Kada kuma neman na nesa ya sa ki manta na kusa. Malaman jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, masu binciken noma na INRAN a nan Maradi, da ƙungiyoyin da ke aikin abinci mai gina jiki a ƙauyukan jihar, duk suna ɗauko hirarraki da Hausa waɗanda sai an rubuta an mayar Faransanci. Ɗaliban da kike buga wa memuwar su ne suke riƙe wa waɗannan mutane rakoda. Ki gaya wa kowannensu kina wannan aiki, ki ba shi shafi ɗaya na samfuri ya kai wa malaminsa. Mai aikin da yake garin nan kina iya hawa kabu-kabu ki je ofishinsa ki gan shi, a rubuta farashi a takarda, a biya ki a hannu ko ta Nita ranar da kika miƙa.